Ma'aunin da muke auna mace da shi

Muryata mai kauri ce. Haka ta fito tun ina 'yar shekara goma sha uku, haka kuma take har yau da nake da 'ya'ya uku. Idan na ɗaga wayar wanda bai san ni ba, galibi abin da yake cewa shi ne, "Malam, don Allah ba ni matar gidan." In na ce ni ce, sai a yi ɗan shiru, shirun da na haddace tsawonsa. Wannan ya daina damuna tuntuni. Abin da bai sake ni ba har yau ya faru ne a layin shiga banɗakin mata a wani filin jirgin sama. Ina magana da 'yata, sai wata mata ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a wuyana, sannan ta je ta kira ma'aikaciya. Ma'aikaciyar ta zo tana jin nauyi, ta ce in nuna mata fasfo. Na nuna. Ta ba ni haƙuri, ita kuwa matar ba ta ce uffan ba. 'Yata, wadda ba ta wuce shekara tara ba a lokacin, ta jira sai da muka zauna a cikin jirgi sannan ta ce, "Mama, me kika yi?"

Ban yi komai ba. An ɗora ni ne a kan wani ma'auni aka ga ban cika ba. Matar nan a ranta aikin kirki take yi, tana kare mata daga wani namiji da ya shigo cikinsu da shigar mata. Ta ji labarin masu sauya jinsi, ta ji an ce suna kutsawa wuraren mata, sai ta mayar da idonta da kunnenta na'urar bincike. Na'urar kuwa ni ta kama, ni da na yi naƙuda sau uku. Tun daga ranar nake juya maganar wannan ma'auni a raina, ina tambayar wa ya ƙera shi da kuma su wa ya fi cuta. Inda na tsaya shi ne, ƙiyayyar da ake nuna wa masu sauya jinsi da matsin da ake yi wa mata don su zama "cikakkun mata" tushensu ɗaya. Duk macen da ta taimaka aka wasa wannan wuƙa, ta sani wata rana a kanta ko a kan 'yarta za a gwada kaifinta.

Sai dai kafin a yi nisa, ya kamata a raba hatsi da tsakuwa, domin muna yawan cusa mutane iri-iri a buhu ɗaya. Akwai mata-maza, waɗanda malaman fiƙihu ke kira hunsa: mutanen da aka haifa da jikin da bai faɗa sak a ɓangaren namiji ko na mace ba, ko dai a al'aura, ko a ƙwayoyin halitta, ko a sinadaran jiki. Wasu ana ganewa ranar haihuwa, wasu sai lokacin balaga, wasu kuma har su koma ga Allah ba su sani ba. Akwai kuma masu sauya jinsi. Su jikinsu a bayyane yake, amma suna jin cewa jinsin da aka rubuta musu ranar haihuwa ba nasu ba ne, da yawansu tun suna ƙanana, kuma jin ba ya tafiya da faɗa ko duka. Wasunsu suna da sutura kawai suke sauyawa, wasu su sha magani, wasu su kai ga tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan hali daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa a sabon kundinta da aka amince da shi a 2019. Sannan ga taro mafi yawa nesa ba kusa ba: namijin da muryarsa ke da taushi ko yake karya hannu in yana magana, da macen da ke da faɗin kafaɗa, ko gashi a haɓa, ko takun soja. Waɗannan ba su sauya komai ba, ba su kuma nemi su sauya ba. Maganar wanda mutum yake sha'awa kuwa wani babi ne daban da duka ukun nan, ko da yake a bakin jama'a kalmar zagi ɗaya ce ke rufe su gaba ɗaya.

Mu ɗan yi lissafi. Kanada ta tambayi mutanenta wannan a ƙidayar 2021, aka samu kusan mutum ɗaya cikin 300, daga shekara 15 zuwa sama, da ya ce jinsinsa ya bambanta da wanda aka rubuta masa ranar haihuwa. A ɗaya ɓangaren, kusan mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa tana fama da wata matsalar ƙwan mahaifa da likitoci ke kira PCOS, wadda ke rikita al'ada, tana kuma iya fito da gashi a fuska da ƙirji. Ƙara da matan da al'adarsu ta ɗauke muryarsu ta sauka, da waɗanda maganin ciwon daji ya kwashe musu gashin kai, da waɗanda aka cire wa nono don a ceci ransu, da dogayen mata, da masu motsa jiki. In mutum ya tsaya a ƙofa yana farautar wadda ba ta yi masa kama da mace ba, yawancin waɗanda zai kama irina ne.

Harshenmu ma yana tona mana asiri. In mace ta yi bajinta sai mu ce ta yi namijin ƙoƙari, mu yi mata kirari da mace mai kamar maza, ita kuma ta ji daɗi domin yabo ne. Amma ce wa namiji "kamar mace" ka ga ko ba za a zo rabon faɗa ba. Yaro ya faɗi ya yi kuka, a ce masa, "Kai mace ne?" Wanda ya saurari shawarar iyalinsa ya zama mijin-ta-ce. Kamanta mace da namiji ɗaukaka ce ke nan, kamanta namiji da mace kuma ƙasƙanci. Shi ya sa nake ganin fushin da ke tasowa idan wanda aka haifa namiji ya koma sahun mata yana da wani abu a ƙarƙashinsa bayan kishin addini: ta yaya mutum zai sauko daga bene da ƙafarsa ya zaɓi zama a ƙasa? Ku lura, a duk wannan cacar baki da ake yi a duniya, da wuya a ambaci waɗanda aka haifa mata suka koma sahun maza, alhali suna nan da yawa. Ido duk yana kan mai saukowa. Kalmar ɗan daudu da yara maza ke jifan junansu da ita tun kafin su san ma'anarta tana koya musu cewa mace abin kunya ce a yi kama da ita. Yara mata suna tsaye a gefe, kuma suna ji.

Da ma ma'aunin tsayayye ne, da sai a ce to ai kowa ya san iyakarsa. Amma yana sauyawa kamar hawainiya. Takalmi mai tsini, wanda yau ake ɗauka tambarin mace, mahaya dokin Farisa ne suka sa shi don ya riƙe musu ƙafa a likkafa, Sarki Louis na 14 na Faransa kuma ya yi ado da shi. A birnin Paris an kafa doka a 1800 cewa mace sai ta nemi izinin 'yan sanda kafin ta sa wando, kuma sai a 2013 gwamnati ta bayyana a hukumance cewa dokar ta mutu. Sanatoci mata a Amurka ba su samu damar shiga zauren majalisa da wando ba sai 1993. A Sudan an kama 'yar jarida Lubna Hussein a 2009 saboda wando, aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar da hukuncinta ya kai bulala 40. A kowane zamani mutanen lokacin sun yi rantsuwa cewa layin da suka ja shi ne na halitta.

Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na Ann Hopkins, ma'aikaciyar kamfanin akantoci na Price Waterhouse a Amurka. A 1982 aka sa sunanta cikin mutum 88 da za a duba a ɗaga su zuwa sahun manyan masu ruwa da tsaki a kamfanin, kuma ita kaɗai ce mace. Ta fi kowa a cikinsu kawo wa kamfanin aiki. Aka ƙi ɗaga ta, sannan wani babba ya ba ta shawara cewa ta riƙa tafiya irin ta mata, ta riƙa magana irin ta mata, ta gyara shigarta, ta yi kwalliya, ta gyara gashi, ta sa sarƙa da 'yan kunne. Ba wanda ya yi shakkar mace ce. Laifinta shi ne ba ta yi macen yadda suke so ba. Ta kai ƙara, a 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta ce hukunta ma'aikaci don bai dace da hoton jinsinsa ba nuna bambanci ne. Wannan hukunci na mace mai miji da 'ya'ya shi ne daga baya masu sauya jinsi suka riƙa kafa hujja da shi a kotuna, domin abin da aka yi mata shi ake yi musu.

Babu inda aka gwada wannan ma'auni da gaske kamar fagen wasanni, kuma abin da ya fito daga gwajin ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan. A gasar guje-guje ta Turai da aka yi a Budapest a 1966, an sa 'yan wasa mata sun tuɓe a gaban likitoci don a tabbatar mata ne. Da abin ya yi muni aka koma gwajin ƙwayoyin halitta, wanda gasar Olamfik ta fara a 1968. A 1985, a birnin Kobe na Jafan, gwajin ya faɗa kan Maria José Martínez-Patiño, 'yar Sifaniya mai tsallaken shinge. Sakamako ya nuna tana ɗauke da ƙwayoyin XY irin na maza. Abin da gwajin bai nuna ba shi ne jikinta ba ya amsa sinadarin maza ko kaɗan, saboda haka a mace aka haife ta, a mace ta girma, kuma ba ta ci ribar komai daga waɗannan ƙwayoyi ba. Aka ce ta yi ƙaryar rauni ta janye shiru. Da ta ƙi, ta shiga gasar ƙasarta a 1986 ta yi nasara, sai aka kai labarinta jaridu. An kore ta daga masaukin 'yan wasa, an yanke mata tallafin karatu, an goge tarihin nasarorinta, saurayin da zai aure ta ya gudu. Sai a 1988 aka mayar mata da haƙƙinta na shiga gasa. A Olamfik na Atlanta a 1996 an gwada mata 3,387, takwas suka "faɗi", da aka duba da kyau duka takwas ɗin aka bar su suka yi wasa. A 1999 aka dakatar da gwajin kowa da kowa.

An dakatar da gwajin, amma zargi ya ci gaba, sai dai daga nan ido ne ya riƙa zaɓen wadda za a gwada. Santhi Soundarajan ta Indiya ta ci azurfa a gudun mita 800 a gasar Asiya ta Doha a 2006, aka ƙwace bayan gwaji, kunyar da ta biyo baya ta kai ta ga yunƙurin kashe kanta, daga baya aka same ta tana aikin leburanci a wurin gasa bulo. Caster Semenya ta Afirka ta Kudu tana da shekara 18 lokacin da ta ci gudun mita 800 a Berlin a 2009, duniya ta shiga muhawara a kan abin da ke ƙarƙashin tufafinta, aka ajiye ta kusan shekara guda. A 2024 a Paris, da abokiyar karawar Imane Khelif ta Aljeriya ta janye daga dambe bayan daƙiƙa 46, cikin 'yan sa'o'i miliyoyin mutane suka yanke hukunci cewa namiji ne da ya sauya jinsi. Akwai taƙaddama tsakanin hukumomin wasanni a kan gwajin da aka ce an yi mata, wannan gaskiya ne. Amma cewa namiji ce da ta sauya jinsi ƙarya ce: a mace aka yi mata rajista ranar haihuwa, a mace ta tashi, a ƙasar da doka ba ta ma yarda da sauya jinsi ba, har mahaifinta sai da ya fito da takardun iyali yana nuna wa 'yan jarida. Ku dubi jerin sunayen nan da kyau. Ba ɗaya a cikinsu da ta sauya jinsi. Kuma a 'yan shekarun nan yawancin waɗanda zargin ke faɗa wa mata ne na Afirka da Asiya, domin hoton "cikakkiyar mace" da ke kan masu kallon siririya ce, fara, mai ƙaramin ƙashi. Shugaban hukumar wasan tanis ta Rasha ya taɓa kiran Serena da Venus Williams "samarin gidan Williams" a talabijin a 2014, aka ci shi tara aka dakatar da shi shekara guda. An yi wa Michelle Obama irin wannan ƙazafi, an yi wa matar shugaban Faransa, har ta kai ita da mijinta ga shigar da ƙara a Amurka a 2025. A jihar Utah ta Amurka, a 2022, iyayen wasu 'yan mata da aka kayar a gasar makaranta suka kai ƙorafi cewa wadda ta kayar da su ba ta yi kama da mace ba, hukuma ta bi takardun yarinyar har zuwa ajin rainon yara. Yarinya ce tun ranar da aka haife ta.

Akwai wani zargi da nake yawan ji daga mata 'yan'uwana, kuma ba zan yi kamar ban ji zafinsa ba. Suna cewa waɗanda suka koma sahun mata sun mayar da zama mace jan baki da gashin kanti da rangwaɗa, alhali mu mun san abin da ke cikinsa: ciwon mara duk wata, nauyin ciki, tsoron bin hanya da dare, raini a wurin aiki. In na ga wani a bidiyo yana fari da ido yana cewa yau ya zama mace, ni ma raina yakan sosu. Amma da na bi abin a hankali sai na ga wa ya rubuta wannan wasan. A shekarun 1960 da 1970, asibitocin da suka fara irin wannan aiki a Amurka da Turai kan duba ko mai neman magani zai "wuce" a matsayin mace a idon jama'a, wato sai ya zo da siket da kwalliya da sanyin murya kafin a saurare shi. A kan titi ma haka ne har yau: wanda aka gane shi ne ake jifa, wanda ya ɓace cikin mata shi ne ke isa gida lafiya. Mu muka ce mace ita ce mai kwalliya da rangwaɗa, muka ce wanda bai cika wannan ba a tozarta shi, sannan muka dawo muna jin haushin wanda ya haddace darasin. Waɗanda muke gani a waya kuma su ne waɗanda suka fi jan kallo, domin abin da manhajojin ke turo mana ke nan. Mai aikin jinya ko direba da ke rayuwarsa shiru ba ya zuwa allon kowa. Sannan in muka ce haihuwa ce ma'aunin, me za mu ce wa 'yar'uwarmu da Allah bai ba haihuwa ba, wadda da ma gorin da take sha ya ishe ta?

Kuma abin ba ya tsayawa a kallon banza. Wata ƙungiya a Turai mai suna TGEU tana tattara rahoton kisan masu sauya jinsi a duniya tun 2008. Tsakanin Oktoba 2023 da Satumba 2024 ta ƙirga 350, mafi yawansu nesa ba kusa ba waɗanda suka koma sahun mata ne, Brazil ce kuma a kan gaba. Waɗanda labarinsu ya fito ke nan. A Ingila, a Fabrairun 2023, wasu yara biyu 'yan shekara 15 suka yaudari Brianna Ghey mai shekara 16 zuwa wani lambun shaƙatawa suka daɓa mata wuƙa sau 28, kuma alƙaliyar da ta yanke hukunci ta ce ƙyamar sauya jinsin da ta yi na cikin abin da ya tunzura ɗaya daga cikinsu. Yaro ɗan shekara 15 ba shi ya ƙirƙiro wannan ƙyama ba. A bakin manya ya ji ta.

Ba ina cewa babu tambayoyi masu wuya ba. Suna nan, kuma wanda ya yi su ba lallai ne maƙiyi ba. Jikin da ya balaga a namiji yana riƙe tsawo da ƙashi da wani kaso na ƙarfi ko bayan an sha magani, saboda haka na fahimci dalilin da ya sa hukumar guje-guje ta duniya ta hana irin waɗannan shiga gasar mata a 2023. Ina da tsoro ƙwarai game da ba yara ƙanana magungunan dakatar da balaga, kuma binciken da likita Hilary Cass ta jagoranta a Ingila, wanda ya fito a 2024, ya ce hujjojin da ake dogaro da su a kan wannan masu rauni ne. Maganar gidajen yari da mafakar matan da aka ci zarafinsu ita ma tana buƙatar hankali, domin akwai matan da abin da namiji ya yi musu ya sa ba za su iya kwana kusa da jikin namiji ba, kuma haƙƙinsu ne a ji su. Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2025 cewa kalmar mace a dokar daidaito ta ƙasar tana nufin jinsin haihuwa, amma a cikin hukuncin nan ɗin ta jaddada cewa dokar tana nan tana kare masu sauya jinsi daga tsangwama da nuna bambanci. Mutane da yawa sun ɗauki rabin farko suka bar na biyu. Irin waɗannan tambayoyi aikin likitoci ne da alƙalai da masu tsara doka, da hujja a hannu, da sirrin mutum a rufe. Ko wace amsa suka bayar, ba ta ba baƙuwa a layi lasisin ta binciki wuyana ba.

Ni Musulma ce, kuma na san abin da za a fara jefo mini: hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, wanda ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Ban musa shi ba. Amma malaman da suka yi sharhin irin waɗannan hadisai ba su tsaya inda masu zagi ke tsayawa ba. Imam Nawawi ya raba mukhannas, wato namiji mai ɗabi'ar mata, gida biyu: wanda haka aka halicce shi, taushin magana da motsi ɗabi'arsa ce ba ƙaƙale ba, wannan babu zargi a kansa, babu zunubi, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne abin zargi. A Madina akwai mukhannas da yake shiga wurin matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ba a hana shi ba sai ranar da aka ji yana siffanta jikin wata mata ta Ɗa'ifa ga wani namiji. Abin da ya aikata ne ya rufe masa ƙofa. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa an kawo wani da ya yi lalle a hannu da ƙafa, aka ce yana kamanta kansa da mata, Annabi ya sa aka fitar da shi zuwa Naƙi'u, wani wuri a wajen Madina. Sahabbai suka ce, ba za mu kashe shi ba? Ya ce an hana shi kashe masu sallah. Hukuncin ya fito ne daga shugaba, kuma jinin mutumin ya tsira. Malaman fiƙihu sun zauna sun fitar wa hunsa rabonsa na gado da inda zai tsaya a sahu, wato sun ɗauke shi ɗan gida da za a nema wa wuri.

Har yau malaman Musulmi ba su rufe wannan babi da baki ɗaya ba. A Iran, fatawar Khumaini ta shekarun 1980 ta halatta tiyatar. A Masar, a 1988, Mufti Ɗanɗawi ya ce tana halatta idan likitoci amintattu sun tabbatar da larura, ba don son rai kawai ba. Pakistan ta yi dokar kare haƙƙinsu a 2018, kotun shari'a ta ƙasar ta soke wasu manyan sassanta a 2023. Mafi yawan malamai suna haramta sauya jinsi ga wanda jikinsa ba shi da ruɗani, kuma mutum yana iya riƙe wannan ra'ayi da hannu biyu. Abin da ban taɓa gani ba shi ne malamin kirki da ya ce haramcin abu yana halatta a tuɓe mutum a titi, a ɗauke shi bidiyo, a yaɗa, ko a kore shi daga asibiti yana ciwo. Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta ambaci mata daban ta ce kada mata su yi wa mata, ta hana jifa da miyagun laƙabi, aya ta gaba kuma ta hana yawan zato da bin diddigin sirrin mutane. Matar da ta kira mini ma'aikaciya ta taka uku daga ciki kafin a kira jirginmu, tana kuma jin ta kare mutunci.

Matan da muke alfahari da su ma da wuya su tsallake ma'aunin yau. Nana Khadija 'yar kasuwa ce mai ɗaukar maza aiki, ita ce kuma ta aika da maganar aure. Nusaiba 'yar Ka'ab ta riƙe takobi ranar Uhudu ta kare Annabi da jikinta har ta sha raunuka. Ba wanda ya ce musu su sassauta murya don a san mata ne.

'Yar tawa yanzu shekararta goma sha huɗu, kuma muryata ta gado. Watanni kaɗan da suka wuce na zo wucewa ta ƙofar ɗakinta da dare, na ji tana magana ita kaɗai. Na tsaya. Tana ɗaukar muryarta ne a waya, ta faɗi "Salamu alaikum, sunana..." ta saurara, ta goge, ta sake faɗa da siririyar murya wadda ba tata ba, ta sake saurara. Na ƙirga sau bakwai kafin na ƙwanƙwasa.